Imel Mai Sirri: Ina Gaskiyar Take, Ina Jita-jitar?

Maganar da ta fi yawo ita ce wai duk wanda ya buɗe akwatin imel a Proton Mail ya ɓace wa hukuma, tunda kamfanin a Siwizalan yake. Ba haka ba ne, kuma wannan jita-jitar ce ta fi damuna, domin tana iya jefa ɗan jarida ko mai fafutuka cikin hatsari. A 2021 'yan sandan Faransa sun bi ta hannun hukumomin Siwizalan, aka tilasta wa Proton naɗar lambar IP ta wani mai fafutukar kare muhalli, aka kuma kama shi. Tuta na Jamus, wanda a da ake kira Tutanota, shi ma bai tsira ba: a 2020 wata kotu a Cologne ta umarce shi ya sa ido kan saƙonnin da ke shiga wani akwati ba a kulle ba.

Abin da yake gaskiya shi ne, wasiƙun da ke ajiye a kulle kamfanonin ba su da makullinsu, don haka ko kotu ta nema ba su da abin miƙawa. Amma wa ka rubuta wa, da yaushe, da kuma adireshin da ka bayar don dawo da akwati, duk ana iya samu. A Proton ma kan saƙon, wato layin da ke faɗin batun wasiƙar, ba ya cikin wannan kulle; Tuta kuwa yana kulle shi.

Akwai kuma masu zaton duk abin da suka aika daga Proton a kulle yake isa. Idan abokinka Gmail yake amfani da shi, wasiƙar ta sauka a hannun Google ke nan, sai fa in ka sa mata kalmar sirri ka faɗa masa ta wata hanya. Batun cewa Google na karanta wasiƙu don zaɓa maka talla, tun 2017 ya ce ya daina, kodayake makullin na hannunsa har gobe.

Sai fargabar ƙaura. Wai tsofaffin wasiƙu za su salwanta, alhali Proton na da Easy Switch da ke kwaso su daga Gmail. Inda asarar take a gaske shi ne mantuwa. Wanda ya manta kalmar sirrinsa, bai kuma adana jimlar ceto da aka ba shi ba, zai iya dawo da akwatin amma ya tarar da tsofaffin wasiƙun ba su karantuwa. A rubuta jimlar ceton a takarda a ajiye tare da takardun gida.

Kamfani kuma yana iya rufewa. Lavabit, wanda Edward Snowden ya yi amfani da shi, mai shi Ladar Levison ya rufe shi a 2013 saboda matsin gwamnatin Amurka. Skiff ya tafi a 2024 bayan Notion ya saye shi. Shi ya sa nake ganin mai hali ya sayi sunan yankinsa na intanet, ta yadda adireshin zai bi shi duk kamfanin da ya koma. Kada a yi gaggawar goge tsohon akwati: a sa shi ya riƙa turo saƙo zuwa sabon na 'yan watanni, a fara da sauya adireshin banki, sannan sauran su biyo baya.