Lokacin da teku ya kwanta a Sakkwato: yadda ake karanta tsohon yanayi a jikin laka

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga tashar Kawo zuwa Sakkwato, in bai yi barci ba kuma bai nutse a TikTok ba, zai lura da wani abu. Daga Kaduna zuwa Zariya, Funtuwa har Gusau, manyan duwatsu ne ke raka hanya. Ana wuce Talata Mafara sai su fara ɓacewa, ƙasa ta shimfiɗe, sai tuddai jefi-jefi masu kai kamar tebur. Inda duwatsun nan suka ƙare, nan ne bakin wani makeken kwari da ruwan teku ya taɓa shiga ya kwanta, duk da cewa yau tsakanin Sakkwato da gaɓar tekun Legas akwai fiye da kilomita 700.

Masana ƙasa suna kiran kwarin da Iullemmeden, sunan wani reshe na Buzaye. Mafi yawansa yana Nijar da Mali, gefensa na kudu maso gabas ne ya shigo Sakkwato, Kebbi da wani yanki na Zamfara. Tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya riƙa ratso Sahara daga arewa, ya shigo ya janye, ya sake shigowa. Wani bincike da aka fitar a 2019 kan ɓangaren Mali ya kiyasta zurfinsa da kimanin mita 50. Babu wanda ya gan shi, babu hoto, babu bidiyo. To ta yaya aka sani?

Laka tana ajiye bayanai

Duk ruwan da ya kwanta yana tara laka da yashi a ƙasansa, hawa kan hawa. Wanda ya riga zuwa yana ƙasa, na baya-bayan nan yana sama. Kamar hirar zauren WhatsApp ce da aka kifa: a nan sai an gangara ƙasa ake samun tsofaffin saƙonni. Kowane hawa kuma yana ɗauke da bayanin halin da ake ciki lokacin da ya kwanta.

A Sakkwato an raɗa wa hawa-hawan sunayen garuruwan da suka fi bayyana, kuma Farfesa C. A. Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin waɗanda suka fi yin aiki a kansu a shekarun 1970. Can ƙasa akwai Gundumi: tsakuwa, yashi mai kauri da itatuwan da suka koma dutse. Wannan aikin koguna ne da tafkuna, teku bai iso ba tukuna. Sai Taloka, yashi mai laushi irin na bakin ruwa. Sai Dukamaje, laka mai ɓare-ɓare cike da ƙasusuwan halittun teku. Sai Wurno, yashi ya dawo, alamar ruwan ya ja baya. Daga nan Dange, Kalambaina da Gamba, teku ya sake shigowa. A can sama Gwandu ta rufe komai da yashin koguna da lakar fadama. Jerin kaɗai ya ba da labarin: tudu, teku, janyewa, teku, tudu.

Girman ƙwayar yashi shi ne ma'auni mafi sauƙi. Ruwa mai gudu ne kawai ke iya ɗaukar tsakuwa, laka mai laushi kuwa ba ta kwanciya sai ruwa ya natsu. Launi ma yana magana: baƙar laka tana nuna wurin da iskar oksijin ta yi ƙaranci har gawar halittu ba ta ruɓe duka ba, ja kuma tsatsar ƙarfe ce, wato ƙasar ta sha iska.

Amma shaidar da ta fi ɗaukar ido ita ce ƙasusuwa. A cikin Dukamaje aka haƙo wata dabbar teku mai dogon baki da haƙora, dangin ƙadangare ce ba dainaso ba. An fara bayyana ta a 1930, sannan a 1972 wasu masana 'yan Italiya suka sa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Akwai kuma wani kada da aka kira Sokotosuchus, da haƙoran kifin shak, da kunkuru. Farar ƙasar Kalambaina kuwa kusan gabaɗayanta ɓawon halittu ne: dodon koɗi, bushiyar teku, da wasu ƙananan halittu masu suna foraminifera waɗanda yawancinsu ba su fi ƙwayar yashi ba. Waɗannan ƙananan sun fi manyan ƙasusuwa amfani, ko da yake ba su da kyan ɗauka a hoto. Kowane iri yana da zurfi, ɗumi da gishirin da yake iya rayuwa a ciki. Na Kalambaina irin na ƙasan ruwa mai ɗumi ne marar zurfi, kuma suna kama da waɗanda ake samu a Arewacin Afirka, abin da ya nuna ruwan a haɗe yake da tsohon tekun Tethys na arewa.

Su ne kuma kalanda. Gwajin kabon-14 da ake yawan ambata ba ya wuce kimanin shekaru 50,000, don haka ba shi da aiki a nan. Abin da ake yi shi ne neman halittar da aka san lokacin rayuwarta. Akwai wata mai murɗaɗɗen ɓawo da ake kira amonait, wadda ta ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce tare da dainaso. Ana samunta a Dukamaje, babu ita a Kalambaina. Ke nan waccan babbar halaka ta faru ne a tsakanin hawan biyu.

Inda na'urori suke shigowa

Batun ruwan sama da zafi ya fi ƙarfin ido. Ana daka laka ta zama gari, a sa ta a na'urar da ke harba mata hasken eksire, tsarin da hasken ya watsu ya nuna irin yumɓun da ke ciki. Yumɓun kawolin yana samuwa inda ruwan sama mai yawa ya daɗe yana wanke dutse cikin zafi. Wani kuma mai suna paligoskait ya fi son wurin da ruwa ke ƙafewa, damina gajera. Ana samun wannan na biyun a lakar Dange, kawolin kuma ya yi yawa a Gwandu. Ana kuma narkar da laka da asid a tace garin furen tsirrai na wancan zamani, a ƙirga shi a madubin ƙara girma don a san dajin da ke bakin ruwan. Don auna zafi, ana duba rabon oksijin mai nauyi da marar nauyi a jikin ɓawo, domin rabon yana canzawa da ɗumin ruwan da halittar ta girma a ciki.

Sai dai fayil ɗin ba cikakke ba ne. Duk lokacin da teku ya janye, zaizaya tana cinye wani ɓangare, kamar saƙonnin da aka goge ba tare da barin alama ba. Wasu bayanan kuma sun gurɓata daga baya. Jifsam, wani farin ma'adini mai ƙyalli da ke cikin Dukamaje da Dange, yawanci alamar ƙafewar ruwan gishiri ne, amma yana iya tsirowa a cikin laka shekaru miliyoyi bayan kwanciyarta. Shi ya sa masani na gaske ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya, sai yumɓu, ɓawo da garin fure sun yi magana da baki ɗaya.

Wannan ba labarin nishaɗi kawai ba ne. Manhajojin da ke hasashen daminar Sahel nan da shekaru 50 ba a iya gwada su da gobe, sai da jiya: a ba su yanayin wani tsohon zamani, a ga ko za su fitar da abin da laka ta rubuta. An san da yawansu suna gaza fitar da yawan ruwan saman da ya mayar da Sahara kore kimanin shekaru 6,000 da suka wuce. Kuma ko rijiyar burtsatse tana bin wannan tarihi. Kawo tana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri wanda ya girmi tekun nesa ba kusa ba, ba burbushin halitta ko ɗaya a cikinsa, shi ya sa mai haƙa yake farautar tsaga ko ruɓaɓɓen dutse. A Kebbi da yammacin Sakkwato kuwa yashin Gwandu yana riƙe ruwa kamar soso. Ita kuma farar ƙasar Kalambaina, tun 1967 ake ƙona ta ana yin siminti, masana'antar da yanzu take hannun BUA Cement. Ramin haƙar yana buɗe hawa-hawan ga mai bincike, amma abin da ya shiga tanderu ya tafi ke nan.

Mai waya zai iya leƙa wani ɓangare daga ɗakinsa. Shafin Ancient Earth yana ba da damar rubuta sunan gari a zaɓi zamani, misali shekaru miliyan 66 ko 90 baya, a ga inda garin yake. Kiyasi ne mai faɗi, bai kamata a ɗauki layin gaɓarsa kamar taswirar Google Maps ba. Manhajar Rockd kuma, ta Jami'ar Wisconsin a Amurka, tana amfani da GPS ta faɗi irin dutsen da mutum yake tsaye a kai da shekarunsa. A buɗe ta a gadar Kawo a ɗauki hoton fuskar waya, sannan a sake buɗe ta bayan an wuce Tureta a kwatanta lambobin.