Maginin Shafin Intanet: Mai Tsaron Sunan Ɗan Kasuwa

Daga Funtua zuwa Malumfashi, suna shi ne jarin ɗan kasuwar hatsi. Da shi ake karɓar masara bashi a kasuwar Dandume, da shi ake loda tirela zuwa Legas. Yanzu da ciniki ke shiga cikin waya, akwai sana'ar da ta cancanci a san ta: ta maginin shafin intanet, mai shirya wa kowane dillali adireshi da sunansa.

Kayan aikinsa kwamfuta ce da data da wuta, sai manhajar gini irin su Django ko Laravel. Yakan fara da yi wa shafin rajistar suna, kuma idan mai ƙarewa da .ng ne, hukumar NiRA ce ke kula da shi. Daga nan sai babban aiki. Maimakon dogon adireshi mai tarin lambobi, kowa ya samu gajere wanda zai iya faɗa da baki ko ya buga a jikin buhu. Tun da Facebook ya ba da wannan dama a 2009, jama'a suka saba da ita.

A nan ake gane gwani. Manhajar tana duba hanyoyin shafi ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan kamasho mai nuna wa fasinja motarsa. Saboda haka magini kan sa hanyoyin shafin kansa a gaba, irin su shiga da rajista da biyan kuɗi, ya bar ta sunaye a ƙarshe, sannan ya hana kowa ɗaukar waɗannan kalmomi a matsayin suna. Yakan tabbatar mutum biyu ba su riƙe suna ɗaya ba. Yakan lura da haruffa masu lanƙwasa, domin idan aka ɗauki Ɗanladi da Danladi a matsayin mutum biyu, an buɗe wa ɗan damfara ƙofa. Idan dillali ya sauya suna, dole tsohon adireshin ya riƙa kai masu saye zuwa sabon, kada a miƙa shi ga wani.

Wannan aiki amana ce. Kuɗin amfanin gona na shekara guda kan iya salwanta saboda harafi ɗaya. Don haka duk ƙungiyar manoma ko 'yan kasuwa da za ta ba da aikin shafi, ta fara tambayar magini yadda zai kare sunayen mutanenta kafin a shiga maganar farashi.