Gashin Ƙashi da Takardar Turawa: Misali Daga Magami

Idan shanyewar ɓarin jiki ta kama magidanci a Magami, abin da dangi suka saba yi shi ne su kwantar da shi a ɗaka, a yi ta jiƙo da shafe-shafe. A nan kuwa ɓarnar take, domin a watanni uku na farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake koyon sarrafa hannu da ƙafa, gaɓar da aka bari kwance kuma takan sandare.

Gashin ƙashi, wato horar da gaɓoɓi sannu a hankali, aikin manyan asibitoci ne, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Mabuɗinsa shi ne takardar turawa daga asibitin da majinyaci ya fara zuwa. Ga mai inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta, da takardar nan ake neman amincewar masu biya, kuma yawan zuwan da suke ɗauka ƙayyadadde ne. Kuɗin mota kuwa na dangi ne, saboda haka lalle ne ɗan rakiya ya koyi motsin nan a gaban ma'aikaci, a ci gaba da shi a gida.