Daren Asabar A Makarantun Kwana Na Ƙasar Funtua Da Malumfashi

Waɗanda suka yi makarantar kwana a ƙasar Funtua da Malumfashi cikin shekarun 1970 zuwa farkon 1980, yawancinsu yanzu sun yi furfura, wasu ma sun bar aikin gwamnati. Amma in aka taso da hirar makaranta, da wuya a tashi ba a ambaci daren Asabar ba, watau daren da akan kau da teburan ɗakin cin abinci, a jera bencina a jikin bango, a ɗauko garmaho ko rakoda daga ofishin shugaban makaranta.

A wancan zamani yankin yana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, don kuwa sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Makarantun sakandare ba su da yawa, saboda haka akan tarar da ɗan Bakori da ɗan Ƙafur da ɗan Kudancin Zariya a ɗaki guda, kowa da irin kiɗan da ya taso da shi. Faya-fayan James Brown da Jimmy Cliff su ne na 'yan gayu, sa'an nan da Prince Nico Mbarga ya fito da “Sweet Mother” a 1976, sai ta zama waƙar da ko wanda bai iya taka rawa ba yakan miƙe mata. Malami mai jiran aiki yana zaune bakin ƙofa da tocila, ƙararrawa na bugawa kowa ya nufi makwancinsa.

To, wannan na ɗalibai ne su kaɗai. Inda iyaye suke shigowa shi ne ranar ba da kyaututtuka, lokacin da akan yi wasan kwaikwayo da raye-rayen gargajiya a gaban hakimi da jami'an ilmi. Makaranta ba ta da kason kuɗin da zai ɗauki wannan hidima duka, sai a koma ga ƙungiyar iyaye da malamai. Yawancin iyayen nan manoma ne. Wani ya kawo buhun masara ko na dawa, wani rago, wani kuma ya ɗauki nauyin makaɗin kalangu daga ƙauyensu. Uwaye su ne masu ba da aron zanen saƙi da tsakiya da ƙwarya, wata ma har ta zo da kanta ta gyara wa 'yan mata ɗauri, don kada a yi abin kunya a bainar jama'a.

Kuɗin wannan duka daga auduga yake fitowa. Funtua da Malumfashi suna da injinan gurzar auduga tun zamanin Turawa, kuma a Funtua aka kafa hedkwatar Hukumar Auduga ta Nijeriya a 1977. Shirin raya aikin gona na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, ya kawo takin zamani da irin masara, har manomi ya fara ganin rarar kuɗi bayan kaka. In an buɗe kasuwar auduga da sanyin hunturu, a nan uba yake ware na ɗinkin yaro da na guzuri da na gudummawar makaranta.

Ba kowane uba ne ya yarda ba, kuma masu ƙin suna da hujjarsu. Da ma da ƙyar wasu suka saki 'ya'yansu mata zuwa boko, balle a ce musu ana rawa. Abin da ya kwantar da hankalin da yawa shi ne gani da ido: uba ya zo, a zaunar da shi a rumfa, ya ga 'yarsa ta karɓi kyautar lissafi, daga baya ta shiga sahun masu gaɗa cikin sutura ta mutunci. Ƙasar da Alhaji Mamman Shata ya zauna, aka kuma haifi Barmani Choge mai amada, ai kiɗa ba baƙo ba ne a gare ta. Bikin FESTAC na 1977, da hawan dabar da aka yi a Kaduna, sun ƙara wa malamai ƙarfin gwiwar cewa raya al'ada aikin makaranta ne.

Al'amarin ya yi ta ja da baya sannu a hankali. An rushe Hukumar Auduga a 1986, tsadar rayuwa ta matsa wa manoma, wa'azi a kan kiɗa da cuɗanyar maza da mata ya ƙara ƙarfi. Daga baya kuma rashin tsaro ya zo da nasa. Bayan da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, gwamnatin jiha ta ba da umurnin rufe makarantun kwana a lokacin. Yaran sun dawo bayan kamar mako guda, amma iyaye da dama a ƙauyukan yankin sun daɗe suna ɗari-ɗari da barin 'ya'yansu su kwana a makaranta.