Wutar Kainji: Wa Ya Biya, Wa Ya Sha Haske?

'Yan'uwa manoma, idan za mu sayi san noma ba mu tsayawa ga kyan ƙaho. Mukan buɗe baki mu duba haƙori, mu ɗaga kofato, sa'an nan mu zaga mu tambayi maƙwabtan mai shi ko san yana da halin tunkuyi. Kamfanin wutar lantarki ma haka ya kamata a yi masa. Shi dai yakan auna kansa da yawan wutar da ya samar da kuɗin da ya tara a shekara. Mu kuwa mudunmu dabam ne. Muna so mu san yadda ya yi da mutanen da ya karɓi ƙasarsu, da waɗanda ke zaune ƙarƙashin madatsarsa, da talakan da yake kai wa takardar biya ƙarshen wata. Da wannan mudu za mu auna hukumar da kowa ya sani da sunan NEPA, da magadanta na yau.

Asalinta hukuma biyu ce. Akwai ECN mai sayar da wuta tun farkon shekarun 1950, akwai kuma Hukumar Madatsun Kwara, watau NDA, wadda aka kafa a 1962 domin ta tare kogin. A 1972 aka haɗa su suka zama NEPA. A 2005 aka yi sabuwar doka, suna ya koma PHCN, aka rarraba ta kamfani 18: shida masu samar da wuta, ɗaya mai ɗauko ta a manyan wayoyi, goma sha ɗaya masu raba ta gida gida. A watan Nuwamba 2013 aka miƙa yawancinsu ga 'yan kasuwa. Suna ya yi ta sakewa, amma madatsa tana nan inda take, wayoyin ma su ne. Mu a ganinmu wanda ya gāji gona ya gāji bashin da ke kanta.

Bashin farko a Kainji aka ci shi. An fara ginin a 1964 da rancen Bankin Duniya da na waɗansu ƙasashe, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe a farkon 1969. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, daga Kainji har wajen Yawuri. An shirya wurin inji goma sha biyu, takwas aka sa, ƙarfinsu megawat 760. Babu mai musun cewa aiki ne babba, ya kuwa ta da masana'antu a Kaduna da Kano da Ikko. Sai dai mutum wajen 44,000 ne suka tashi daga gidajensu domin a sami wurin zuba wannan ruwa. Tsohon garin Busa ya nutse ɗungum, har da wurin da Bature Mungo Park ya mutu a 1806. Busawa, Kambari, Gungawa, Shangawa, Lopawa da Sarkawa masunta, duk abin ya shafe su.

A faɗi gaskiya, ba a kore su hannu wofi ba. Da fari kuɗi aka fara ba mutane su gina da kansu. Da aka ga aikin ba ya sauri, ga ruwa yana tafe, sai hukuma ta ɗauki nauyin gini. Ta gina Sabuwar Busa da ƙauyuka fiye da ɗari, gidajen siminti, da rijiyoyi da kasuwanni. Idan aka gwada da yadda aka yi wa manoman Bakolori a 1980, inda aka zubar da jini a kan maganar diyya, za a ce na Kainji sun sami sauƙi. Wannan mun rubuta shi a gefen alherin hukumar.

Amma gida ba shi ne abinci ba. Gungawa mutanen tsibiri ne da bakin kogi. Kowace shekara ruwa yakan hau ya sauka ya bar musu laka mai taki, su dasa albasa, su ɗebo ruwa da jigo, albasar Yawuri ta kai kudu. Wannan fadama ce tafki ya haɗiye. Aka ba su ɗaki a kan tudu, inda ƙasa ba ta da wannan ƙarfi. Wanda ya ƙirga ɗakuna ya biya ɗaki da ɗaki yana ganin ya fita hakki. Manomi ya san ba haka ba ne, gama ɗaki sau ɗaya akan gina shi, fadama kuwa kowace shekara take haihuwa. Ɗorawa, kanya, mangwaro, makiyaya, kaburburan kakanni, yaya za a sa musu farashi? Kifi ya yi yawa a tafkin shekarun farko, masunta suka zo daga nesa, daga baya kamu ya ragu. Ƙudan da ke kawo makanta ya ragu inda ruwa ya rufe duwatsun da yake haihuwa, wannan alheri ne. Amma ruwa mai kwanciya gidan katantanwar tsargiya ne. Itatuwan da ba a sare ba kafin a cika tafkin sun bar kututture a ƙarƙashin ruwa, matuƙan kwalekwale suna tsoronsu har yau.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wannan. Ƙauyuka da yawa cikin waɗanda suka ba da ƙasarsu sun yi shekaru aru aru suna kunna aci-balbal da fitilar kananzir, manyan wayoyi kuwa suna wucewa ta bisa gonakinsu zuwa birane. Tun 1976 wayar Birnin Kebbi take kai wuta Yamai. Ba mu ƙyashin 'yan'uwanmu na Nijar, biya suke yi, dalilin da akan bayar kuma shi ne kada su tare kogin daga sama, dabara ce mai ma'ana. Mun ma ga wuyar da talakawansu suka sha sa'ad da aka yanke musu wutar a watan Agusta 2023 saboda juyin mulki, ba a mayar ba sai Maris 2024. Tambayarmu dai ita ce, hukumar da ta iya ja waya ta ƙetare iyaka, me ya hana ta sauke taransifoma ɗaya a ƙauyen da aka tayar domin wutar? Injiniya zai ce sauke wuta daga babbar waya yana da tsada, ƙauyen kuma ba zai mayar da kuɗin ba. Lissafin daidai ne. Amma ƙauyen ya riga ya biya tun 1968, da fadamarsa.

Mu gangara ƙarƙashin madatsa, wajen Nupawa masu shinkafa. Kwara a nan cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda damunarmu take kawowa daga Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya yi doguwar tafiya ta Mali, ya iso da sanyin hunturu. Kakanni sun san kwanakin nan, da su suke shuka, da su suke kamun kifi. Da aka tare kogin, sa'an nan aka ƙara Jebba a 1985 da Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990, sai hawan ruwa da saukarsa suka koma hannun mai buɗe ƙofa. Wata shekara ruwan ba ya kai fadama, wata shekara a sake shi gaba ɗaya shinkafa tana cikin ciki. A manyan ambaliyun 2012 da 2022 mutanen wannan kwari sun yi hasara ƙwarai.

Nan ma sai mu yi adalci. Madatsar da ta cika tilas a rage mata ruwa, in ba haka ba ta fashe, abin da zai biyo baya kuwa ba ya faɗuwa. Sau da yawa ma ita ce take riƙe ruwan da zai yi ɓarna. Saboda haka ba sakin ruwan ne muke tuhuma ba, sanarwar ce. Yau ana yin gargaɗi fiye da dā, hukumomin gwamnati sukan yi shela. Amma shelar da aka yi da Turanci a Abuja ba ta kai ga mai gona a bakin kogi ba. Sanarwa ta gaskiya ita ce wadda ta zo da Nupanci da Hausa, ta bakin dagaci da rediyo da masallaci da majami'a, da sauran kwanakin da mutum zai kwashe buhunansa da awakinsa.

Sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan madatsu, HYPPADEC, watau shekara 42 bayan tashin mutanen Busa. Ita ma ba ta kama aiki sosai ba sai wajen 2021, da hedkwata a Minna. Doka ta ce masu samar da wuta da ruwa su riƙa zuba mata wani kaso na abin da suka samu. Ta haƙa rijiyoyin burtsatse, ta raba rigunan ruwa ga masu shiga kwalekwale. Madalla. Amma 'yan'uwa, ku lura da bambanci tsakanin kyauta da hakki. Idan kamfani ya gina aji biyu ya kira 'yan jarida, kyauta ce, yana iya dainawa gobe. Kason da doka ta yanka kuwa hakki ne, kuna da bakin tambayar nawa ya shiga, ina ya tafi. Ƙungiyoyinmu da ke jihohin Neja, Kebbi, Kwara, Kogi, Binuwai da Filato, har da waɗanda aka ƙara daga baya, ya kamata su san ofishin hukumar a jiharsu, su kai buƙatunsu a rubuce.

Saura magana a kan takardar biya, wadda ta shafi kowace ƙungiya mai injin niƙa, ko injin casar shinkafa, ko famfon ban ruwa. Tun zamanin NEPA babban kukan jama'a shi ne kuɗin kintace, watau a rubuta maka abin da za ka biya ba tare da mita ba. Ko a kasuwar ƙauye ba a yarda mai awo ya ɓoye mudu a bayansa ya ce ka yarda da shi. Magadan NEPA sun gāji wannan hali, har yau kuwa masu shan wuta da yawa ba su da mita. A watan Fabrairu 2020 hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin, NERC, ta sa iyaka ga abin da za a kintata wa marar mita. An kuma kasa masu shan wuta aji biyar, daga A zuwa E. Ajin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuwa awa 4. A watan Afrilu 2024 aka kai kuɗin ajin A naira 225 kowane ma'auni, daga baya aka ɗan rage. Ajin ku yana rubuce a takardarku. Ku duba.

Ba duk laifin ke wuyan kamfani ba. A watan Oktoba 2024 yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda, lalata wayar Shiroro zuwa Kaduna da 'yan ta'adda suka yi yana cikin dalilan. Akwai ɓarayin waya da man taransifoma, akwai masu zagaye mita, akwai ma'aikatun gwamnati da ba su biya. A cikinmu ma akwai mai jan waya da dare. Ƙungiyar da take so ta tuhumi kamfani sai ta fara share ƙofar gidanta, ta biya abin da ta sha bisa gaskiya, ta kuma ƙi ba ma'aikaci na goro domin ya kau da ido.

Bayan haka ga abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Bisa ƙa'idar NERC, sayen taransifoma da falwaya da waya, da gyaransu, aikin kamfanin raba wuta ne, ba na jama'ar gari ba. Duk da haka ƙauyuka nawa ne suka yi karo-karo, mata suka sayar da gyaɗa, aka sayi taransifoma, washegari ta zama kayan kamfani? Idan jira ya gagara kuka ga lalle sai kun saya, kada ku fid da ko kwabo sai an yi yarjejeniya a rubuce, mai nuna yadda za a mayar muku da kuɗinku, ko da ta hanyar rage muku kuɗin wuta ne.

Ƙara kuma tana da hanyarta. Da fari a rubuta wa ofishin koke-koke na kamfanin da ke ba ku wuta, ko na Jos ne, ko Kaduna, ko Kano, ko Yola, ko Abuja, a karɓi shaidar sun karɓa. In ba su yi kome ba, sai a kai ga zauren sauraron ƙara na NERC da ke yankinku. Tun dokar 2023 waɗansu jihohi sun kafa tasu hukumar, sai ku tambaya wadda ke riƙe da jiharku. Mai zuwa da baki kawai akan sallame shi da baki. Saboda haka muna roƙon kowane magatakardan ƙungiya ya sayi littafi guda na musamman. Ya raba shafi uku: kwanan wata, lokacin da aka kawo wuta, lokacin da aka ɗauke. Mai kula da injin niƙa ya riƙa cikawa kullum, a manna takardun biya a bayan littafin. Ƙungiyoyin bakin kogi su ƙara shafi na huɗu, ranar da suka ji sanarwar sakin ruwa da ranar da ruwan ya iso gona. Idan littafin ya yi wata uku, ku kawo shi taron gunduma mu haɗa da na sauran ƙauyuka kafin a rubuta takarda.