Jerin "Ko Ka San Cewa" A Wikipedia: Kaya Ba Takarda

Duk ɗan kasuwar da ke tsallake iyakar Seme-Krake ya san tambayar da jami'in duwan kan fara yi masa: ina takardar kayan nan? To, irin wannan tambaya ce masu gyaran Wikipedia, wato kundin sani na intanet da aka kafa a 2001 wanda kowa ke iya rubutu a ciki, suka daɗe suna yi wa jerin ƙananan bayanai da wasu kan jibga a ƙarshen maƙala ba tare da faɗin inda suka samo su ba. Yau ga sashen Hausa na kundin a wayoyin yaranmu a nan Zangon Kwatano, don haka maganar ta iso ƙofarmu.

Mai karatu, ɗauki misali da kasuwa. Idan ka bincika za ka tarar an rubuta cewa Dantokpa ce kasuwa mafi girma a Afirka ta Yamma. Haka kuma ake faɗa a kan Kejetia ta Kumasi, haka a kan babbar kasuwar Onitsha. Fatakenmu sun taka duka ukun, amma wa ya auna? Da faɗin fili aka gwada, ko da yawan rumfuna, ko da kuɗin da ke juyawa? Jeri ba ya amsa wannan, shi dai ya faɗa ya wuce.

Hatta sunan kasuwar tarko ne. Bahaushe na jin Dantokpa sai ya ɗauka ɗan wani Tokpa ne, alhali da harshen Fon, Dan sunan macijin da suke bauta wa ne, tokpa kuma bakin ruwa. Yaro mai kyakkyawar niyya zai iya shigar da fassarar Hausa, ta zauna daram.

Illar ba ta tsaya nan ba. A watan Fabrairun 2009, lokacin da aka naɗa Karl-Theodor zu Guttenberg ministan tattalin arzikin Jamus, wani ya cusa sunan "Wilhelm" cikin dogon jerin sunayensa a Wikipedia. Manyan kafofin labarai, har da Spiegel Online, suka kwafa. Da masu gyara suka yi shakka suka cire, sai aka mayar da shi, aka kafa hujja da jaridun da suka kwafa daga kundin! Mu 'yan rediyo wannan ya fi ba mu tsoro, domin abin da aka karanta a iska ba ya gogewa.

Ƙa'idar sashen Turanci ba ta ce a share jerin gaba ɗaya ba. Cewa ta yi a guji tara tarkace wuri guda, abin da ke da amfani a nemo madogararsa a saka shi cikin jikin maƙala, wanda babu kuwa kowa na da ikon ƙalubalantarsa a cire. In zargi ne a kan mutumin da ke raye, nan take ake cirewa. A ganinmu wannan daidai ne, kuma ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka tashi suna jin malamai na tambayar isnadin hadisi.

Sai dai akwai inda takalmin ke matsa mana. Tarihin zango, wato su wa suka fara sauka, wane maigida ne ke karɓar fataken goro da na shanu, yaya aka gina masallaci, mafi yawansa a bakin dattawa yake, ba a littafi ba. Wikipedia kuwa ba ta karɓar "kakana ya gaya mini". Ke nan gaskiyarmu ma na iya faɗawa kwandon shara tare da ƙaryar wasu.

Abin da muke iya yi shi ne mu samar wa kayan takarda. A zauna da dattijo, a naɗi muryarsa, a rubuta sunansa da ranar hirar, a gwada maganarsa da ta wani dattijon, sannan a buga a jarida irin wannan, inda mai gyara zai iya nuna shafi da kwanan wata. Kaset-kaset na tsofaffin hirarraki da ke jibge a gidajen rediyo, waɗanda danshin Kwatano ke ci a hankali, da su ya kamata a fara.