Kuɗin Yi wa Kare Fiɗa a Ƙasar Gazawa

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maradi, dabbar da ta kwanta ciwo lissafi ake yi mata. In rago ne ko akuya ko san noma, mai shi yana auna kuɗin magani da kuɗin dabbar. In ya ga ba riba, sai ya kira mahauci tun ba ta zama mushe ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Kare kuwa ba a yanka shi, ba a kai shi kara, don haka abin da aka kashe masa ya tafi ke nan. Wanda ya biya masa kuɗin fiɗa, tausayi da riƙon amana ne suka sa shi.

Karnukan wannan yanki na aiki ne: farauta, gadin gida da gona, da rakiyar garke. Da yawansu tsintuwa ne, ɗan kwikwiyon da yara suka ɗauko a kango suka raina da ragowar tuwo. Mazhabar Malikiyya ta halatta ajiye kare don irin waɗannan ayyuka, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne. Abin da ya fi kai karnukan ga wuƙar likita shi ne karaya, musamman a garuruwan da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa, sai tarko, da raunin da ya yi tsutsa, da naƙudar da ta gagari karya.

Samun mai yin aikin shi ne wahalar farko. Akwai ma'aikatan kiwo na gwamnati, akwai kuma tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda aka fara a Dakwaro a 2003 tare da ƙungiyar Karkara da likitocin dabbobi na Beljiyam. Mataimakan da ke zaga ƙauyuka a ƙarƙashinsu an horar da su ne kan rigakafi, maganin tsutsar ciki da wankin rauni. Fiɗar da aka fi sani ita ce ta ciro leda daga tumbin rago ko saniya: a aske kwiɓin hagu, a kashe wurin da allura, a tsaga, a zaro dunƙulen leda da tsumma, a ɗinke. Ta kare ta fi wannan wuya. Sai an sa shi barci gaba ɗaya, an auna allurar daidai nauyinsa, domin in ta yi yawa ba zai farka ba. Karayar cinya kuma tana son hoton ƙashi da sa ƙarfe, kayan da sai a manyan wurare irin asibitocin koyarwa na dabbobi da ke Zariya da Sakkwato. Shi ya sa a ƙauye mai ɗori ake fara nema, ya ɗaure ƙafar da karare. Wani lokaci ƙashin ya kama, wani lokaci ɗaurin ya yi tsauri ƙafar ta ruɓe.

Kuɗin kansa kashi-kashi ne: na mota ko na kabu-kabu, na allurar barci, zaren ɗinki, maganin hana ruɓa, da ladan likita. Duk hannu da hannu ake biya. A Suwidin tun 1924 aka fara yi wa kare inshora, kuma a Amurka aikin gwiwa kaɗai yana cin dubban daloli. A nan abin dogaro shi ne akuyar da ke ɗaure a turke, ko ƴan tiyoyin hatsi, ko kwasar adashi irin na Mata Masu Dubara da aka kafa a jihar Maradi a 1991. Mafarauta kan yi wa ɗan'uwansu karo-karo in karen gwani ne. Wani likitan kuma kan ɗaga wa wanda ya sani ƙafa zuwa kaka.

Ba a rasa masu cewa, "A kan kare za ka sayar da akuya?" Maganarsu tana da nauyi in rumbu ya yi ƙasa ko akwai mara lafiya a gida, domin hakkin iyali ne a gaba. Amma mai hali da ya bar karen da ya yi shekaru yana tsare masa gida yana jan ƙafa a rana bai kyauta ba. Abin da ya dace shi ne a tambayi likita jimillar kuɗin tun kafin a taɓa dabbar, har da na jinya, a kuma ji ko akwai fatan warkewa.

Jinyar ce ake yawan sakaci da ita. Kare yana lasar ɗinki har ya warware shi, don haka sai a ɗaure shi a inuwa mai tsabta, a hana ƙuda sauka, a cika kwanakin magani, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Akwai kuma ciwon da ba fiɗa ba magani: haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Allurar rigakafinta ba ta kai ko kusa da kuɗin fiɗa ba, kuma wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.